Babi na Bakwai: Allura a Hannun Soja

A watan Yuli na 1919, ranar da Sarki George na Biyar ya halarci addu'ar godiya kan ƙarewar Yaƙin Duniya na Ɗaya a babbar majami'ar St Paul da ke Landan, an rufe gaban bagadin da wani sabon ƙyalle mai aikin hannu. Ƙoƙon zinariya ne a tsakiyarsa, rassan dabino a dama da hagu, sauran filin kuma furanni ne da tsuntsaye da aka cike da zare launi-launi. Wanda bai san labarinsa ba zai ɗauka aikin tsofaffin gwanaye ne da suka yi furfura da allura a hannu. Alhali sojoji ne suka ɗinka shi, su sama da 130, 'yan Birtaniya da Kanada da Ostireliya da Afirka ta Kudu, da yawansu ba su taɓa ɗinkin da ya wuce na maɓallin riga ba sai da yaƙi ya kwantar da su a gadon asibiti.

Ba a ɗaki ɗaya suka yi aikin ba. Rarraba zanen aka yi gunduwa-gunduwa aka aika asibitoci daban-daban, wani ya samu fure, wani tsuntsu. Da kowa ya gama nasa aka tattaro, ma'aikatan makarantar aikin allura ta gidan sarauta, wadda aka kafa tun 1872, suka harhaɗa shi ya zama guda. An rubuta sunan kowane soja da rundunarsa a wani littafi da ke ajiye har yau. Bam ɗin Jamus ya rushe bagadin a 1940, ƙyallen ya tsira, aka naɗe shi aka adana, sai a 2014 aka sake fito da shi don cikar shekara ɗari da fara yaƙin.

Kafin a gane abin da ya kai allura hannun soja, sai an duba irin mutanen da wannan yaƙi ya dawo da su gida. A ranar 1 ga Yuli 1916 kaɗai, ranar farko ta gumurzun kogin Somme a Faransa, an kashe sojojin Birtaniya 19,240, wasu sama da 38,000 kuma suka ji rauni ko aka neme su aka rasa. Zuwa ƙarshen yaƙin, waɗanda aka yanke wa hannu ko ƙafa a rundunar sun haura 41,000. Waɗannan dai ana ganin ciwonsu da ido. Akwai wasu kimanin 80,000 da aka kwaso daga ramukan daga, da yawa ba ko ƙwarzane a jikinsu, amma sun tashi daga mutanen da aka sani. Wani jikinsa na kakkarwa ba dare ba rana, wani ya kama in'ina, wani ya zama bebe, wani ya daina gani alhali idonsa lafiya lau. Akwai wanda in iska ta buga ƙofa sai a ƙarƙashin gado za a same shi. Likita Charles Myers ne ya fara bayanin ciwon a mujallar likitoci ta Lancet a farkon 1915, aka riƙa ce masa firgitar igwa, don an zaci girgizar fashewar harsashi ce ke taɓa ƙwaƙwalwa. Daga baya aka ga har wanda igwa ba ta fashe kusa da shi ba yana kamuwa.

Manyan hafsoshi da dama ba su yarda ciwo ba ne, a wurinsu ragwantaka ce kawai. Kotunan soja sun sa an harbe mutum 306 bisa laifin gudu daga fagen daga ko nuna tsoro da makamantansu, cikinsu har da waɗanda a yau kowane likita zai ce marasa lafiya ne, kuma ba a yafe musu a hukumance ba sai 2006. A Landan, wani likita mai suna Lewis Yealland ya yi suna wajen jona wa sojojin da suka daina magana wutar lantarki a maƙogwaro har sai sun furta wani abu. Amma a asibitin Craiglockhart da ke gefen Edinbara, likita Arthur Brock ya bi wata hanyar. A ganinsa, mai firgita mutum ne da aka tsinke masa igiyar da ta ɗaure shi da duniyar da yake ciki, kuma aiki ne zai sake ƙulla ta. Sai ya riƙa tura majinyatansa gona, da makaranta su koyar da yara, da duk abin da zai sa hannu da ido su haɗu a kan abu ɗaya. Marubucin waƙoƙin nan Wilfred Owen a hannunsa ya yi jinya a 1917, shi ya ɗora shi a kan gyara mujallar asibitin.

Sai dai wanda aka yanke wa ƙafa ba zai je gona ba, wanda ƙarar ƙofa ke firgita shi kuma ba za a kai shi shagon kafinta inda guduma ke tashi ba. Ta nan allura ta samu shiga. Ba ta da ƙara, ba ta da nauyi, ba ta buƙatar a miƙe tsaye. A kishingiɗe ma ana yin ta, a ajiye in an gaji, a ɗauka da tsakar dare in barci ya ƙi zuwa. Mai hannu ɗaya ana kafa masa katakon da ke ɗaure ƙyallen tamau, ya yi aikinsa da hannun da ya rage. Ga araha: tsumma, zare, allura, shi ke nan. Likitocin ƙashi sun so ta don tana motsa yatsun da suka sandare, amma abin da ya sa ta bazu daga wannan asibiti zuwa wancan shi ne natsuwar da aka ga tana saukar wa masu rawar jiki. A garin Bradford, wata gwanar ɗinki mai suna Louisa Pesel, wadda ta taɓa shugabantar makarantar aikin allura a Atina ta ƙasar Girka, ta shiga koya wa sojoji masu firgita, tana mai yakinin cewa zaɓen launi da tsara zane kansu magani ne.

Wanda ya fi kowa dagewa a kan lamarin ɗan wasan kwaikwayo ne, Ernest Thesiger, wanda masu kallon tsofaffin finafinan ban tsoro suka sani a fim ɗin Bride of Frankenstein na 1935. Shi ma soja ne, an ji masa rauni a hannu a Faransa a farkon 1915, kuma ya iya allura sosai. Da ya zagaya asibitoci ya ga maza na ɗinki, sai ya kai shawara ga jami'an fansho cewa a mayar da abin sana'a ga waɗanda ba za su sake fita aiki ba. Suka ƙi, wai aikin mata ne, bai dace da tsohon soja ba. Bai haƙura ba. Da taimakon wata ƙungiyar agaji aka kafa masana'antar ɗinkin ado ta nakasassun sojoji a 1918. Kowa na aiki a gidansa, a kai masa zane da zare, in ya gama a sayar a biya shi. Sarauniya Mary, matar Sarki George, na cikin masu sayen kayansu, masana'antar kuma ta rayu har 1955.

Wannan kunyar da ta hana jami'an fansho amincewa, Bahaushe zai ji ta baƙuwa. A birnin Zariya da cikin Kano, tun kaka da kakanni, aikin babbar riga na maza ne. Magidanci ne zai zauna a ƙofar gida ko a zaure, riga a kan gwiwa, yana fitar da aska biyu ko aska takwas, ko yana cike malum-malum da zaren tsamiya, babu wanda ya taɓa ce masa ya yi abin mata. Gardawa da almajirai da ɗinkin hula suka riƙa ciyar da kansu a wajen neman ilimi, malamai da dama kuma da allura suka riƙe gida. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello kuma ya kammala kundin digirinsa na uku kan ɗinkin adon tufafin Hausa a 1979, a wurin maza ya samo yawancin abin da ya rubuta game da riga. Mata ne ma suka shigo aikin riga daga baya, har wasunsu a Zariya suka kafa ƙungiya da sunan Sarauniya Amina a 1994. Su waɗannan maɗinka ba za su ce maka suna neman kwanciyar hankali ba ne, abinci suke nema. Amma ka tsaya ka kalli zamansu: rediyo na yi a gefe, hira na tafiya sama-sama, riga ɗaya ta ci watanni, ba mai gaggawa a cikinsu.

To me ke faruwa a jikin mai ɗinki? A 1975 wani likitan zuciya a Jami'ar Harvard, Herbert Benson, ya fitar da littafi kan abin da ya gano, cewa kamar yadda jiki ke da shirin ko-ta-kwana in an firgita shi, zuciya ta yi ta dukan uku-uku, numfashi ya gajarce, haka yake da kishiyar wannan shiri, inda bugun zuciya ke lafawa, numfashi ya yi tsawo, hawan jini ya sauko. Ya ce sharaɗi biyu ne ke tayar da shi. Na farko a riƙa maimaita abu ɗaya, ko kalma, ko addu'a, ko motsi. Na biyu, in wani tunani ya kutso, kada a yi kokawa da shi, a ƙyale shi ya wuce a koma kan abin da ake maimaitawa. Mai jan carbi bayan sallar asuba ya san wannan hali ba sai an karanta masa littafin Benson ba. Ba ina daidaita ɗinki da zikiri ba ne, wancan ibada ce mai lada, wannan aikin hannu ne. Amma ta ɓangaren jiki, soka allura, jawo zare, soka, jawo, ya cika sharaɗin farko. Na biyun kuwa allura ce da kanta ke tilasta shi, domin duk wanda hankalinsa ya yi nisa za ta soke masa yatsa ya dawo.

Akwai wani gwaji da ya ƙara haska lamarin, ko da yake ba a kan ɗinki aka yi shi ba. A 2009 Emily Holmes da abokan aikinta a Jami'ar Oxford sun nuna wa wasu 'yan sa-kai fim mai tayar da hankali, na haɗurra da gawarwaki. Bayan rabin awa aka ba wasunsu wasan kwamfuta na Tetris, wanda ake jujjuya 'yan tubala ana jera su, suka buga na minti goma, sauran aka bar su zaune haka nan. A makon da ya biyo baya, waɗanda suka buga wasan ba su sha fama da hotunan suna faɗo musu a rai kamar sauran ba. Bayanin masu binciken shi ne sashen tunanin da ke sarrafa siffa da hoto ba ya ɗaukar kaya biyu a lokaci guda, in ka cika shi da jeren tubala, mugun hoto ba ya samun wurin kafa ƙafa. Ni a ganina mai ƙirga zare huɗu zuwa dama, biyu zuwa sama, yana auna ko wannan shuɗin zai zauna kusa da wancan ruwan goro, wannan sashen yake cikawa.

Ana yawan kafa hujja da wani bincike na 2013 da aka tambayi masu saƙa 3,545 daga ƙasashe daban-daban ta intanet, inda aka ga waɗanda suka fi yawan saƙa sun fi cewa suna samun natsuwa da farin ciki. Ban cika dogara da shi ba. Wanda saƙa ta gundure shi ya jefar da kwarashi ba ya cikin waɗanda suka amsa tambayar.

Abin da na fi gamsuwa da shi ba a auna shi da na'ura. Bala'i ba shi da baki ba shi da iyaka. Sojan da ke kwance ba zai iya tsayar da yaƙi ba, ba zai dawo da ƙafarsa ba, bai san ranar sallamarsa ba. Wani ne ke yanke lokacin da zai ci, da lokacin da za a kashe fitila, da ko za a sake mayar da shi daga. A cikin wannan hali aka miƙa masa ƙyalle da bai fi tafin hannu ba, aka ce wannan naka ne. A nan shi ke da ta cewa. Ja zai sa ko kore, yau zai gama ganyen ko gobe, ba mai ba shi umarni. Ranar majinyaci takan wuce ba ta bar alama ba, jiya da yau da shekaranjiya duk ɗaya, amma mai ɗinki in magariba ta yi yana iya ɗora yatsa ya ce daga nan zuwa nan na yau ne. Sannan in ya yi kuskure yana iya warwarewa ya sake. Ga mutumin da ya kwana yana juya abin da ya faru a rami, da ma na ja shi baya, da ma ban tura shi ba, samun wuri ɗaya inda ɓarna ke gyaruwa ba ƙaramin abu ba ne.

Shi ya sa tarihin allura ya cika da fursunoni. Sarauniya Mary ta Sikotland ta yi shekara 19 a tsare kafin a fille mata kai a 1587, kuma kayan da ta ɗinka a tsaren suna nan har yau. Amma labarin da ya fi daɗin ji na Manjo Alexis Casdagli ne, hafsan Birtaniya da Jamusawa suka kama a tsibirin Kirit a 1941. A sansanin fursunoni wani abokin zamansa ya ba shi guntun ƙyalle, zare kuma ya samo shi daga tsohuwar rigar sanyin wani janar ɗan Girka da ta fara warwarewa. A watan Disamba na shekarar ya gama wani aiki mai tambarin ƙasashen da ke yaƙi, har da na 'yan Nazi, ya kewaye shi da ado na ɗigo-ɗigo da gajerun layuka. Aikin ya burge Jamusawa, suka rataye shi a sansanoni huɗu da aka zaunar da shi, ba wanda ya lura cewa adon bakin rubutun tangaraho ne. Layi ɗaya na cewa Allah ya ja zamanin Sarkin Ingila, ɗayan kuma ashar ne aka ɗura wa Hitler, irin wanda ba a sa shi a littafi. Casdagli ya buɗe aji ya koya wa hafsoshi kusan 40 ɗinki, ya kuma ci gaba da riƙe allura har tsufansa. Ɗansa ya ba da labarin cewa uban yakan ce kayan agajin Red Cross ne suka ceci ransa, ɗinki kuma ya ceci hankalinsa.

A can Singafo, bayan Japanawa sun ci birnin a Fabrairu 1942, an tsare fararen hula a kurkukun Changi, maza daban mata daban, ba mai jin ɗuriyar wani. Wata 'yar Kanada, Ethel Mulvany, ta raba wa matan gutsattsarin ƙyalle mai inci shida-shida, ta ce kowacce ta ɗinka wani abu da ya shafe ta, ta sa sunanta. Aka haɗa barguna uku, kowanne mai gida 66, aka ce kyauta ce ga sojoji majinyata, har aka ware ɗaya don majinyatan Japan saboda a samu izini. Da bargunan suka isa ɓangaren maza, sai aka bi gida-gida ana karanta sunaye, ta haka wasu suka san matansu na da rai. Biyu daga cikin bargunan suna gidan tarihin yaƙi na Kanbera a yau. A wannan labari da na Casdagli, natsuwar ba ta mantuwa ba ce. Shi da matan ba su manta inda suke ba ko na minti ɗaya, sun dai samu wani ɗan fili da mai gadi ba shi da iko a kansa.

Ba sai mun je Turai ko Asiya ba. Bama, garin da ya yi suna da hula har ake kiran wani samfurinta da sunansa, ya faɗa hannun Boko Haram a farkon Satumba 2014, sojoji ba su ƙwato shi ba sai Maris 2015. Dubban mutanensa suka gudu Maiduguri, tafiyar kusan kilomita 70, wasu a ƙafa. Manomi bai ɗauko gonarsa ba, ɗan kasuwa bai ɗauko rumfarsa ba, makiyayi ya bar garkensa a daji. Mai ɗinkin hula kuwa sana'arta a yatsunta take, da ita ta iso. Duk wanda ya shiga sansanonin Dalori ko Bakassi kafin gwamnatin jihar ta fara rufe su daga 2021 ya ga abin: mata da 'yan mata, da maza ma, a gindin darbejiya ko a inuwar tanti, kowa da farin ƙyalle a hannu. Mai zane ya riga ya fitar da tsarin, mai ɗinki sai ta bi shi gida-gida da ƙananan suka masu kama da idon kifi, jikin hular daban, kanta daban, kafin a haɗa a kai wa mai wankin hula ya sa mata sitaci ya buge ta a kan katako. Mai kyau takan ci makonni, wata har ta haura wata guda.

Akwai wani abu a wannan zama da ɗakin likita ba ya bayarwa. Tarbiyyarmu, ta Bahaushe da ta Babarbare, ba ta koya wa mace ta zauna gaba da gaba da baƙo, ta kalle shi cikin ido, ta zayyana masa yadda aka kashe mijinta. Kawaici ya hana, dauriya ta hana, an kuma riga an ce mata ta yi haƙuri. Amma masu ɗinki gefe da gefe suke zama, ido a kan zare. Magana na iya fita ba tare da an kalli kowa ba, in murya ta fara rawa sai a yi shiru a ce ana ƙirga ne, ba wadda za ta matsa. Ta kusa na iya cewa, "Yaya, miƙo mini baƙin zaren nan," kuma wadda aka ce wa hakan ta gane an ji ta. Ƙungiyoyin agaji da suka sa ɗinkin hula a wuraren da suka keɓe wa mata a sansanoni sun dace, ko da wasunsu koyar da sana'a kawai suka yi niyya.

Sai dai a nan ne ya kamata a rage zaƙin baki. Yawancin waɗannan mata ba hularsu suke ɗinkawa ba. Ɗan kasuwa ne ke kawo ƙyalle da zare, ya yanka ladan aiki, ya karɓi hula ya kai Kano ko Abuja ya sayar ninkin-ba-ninkin. In Sallah ta gabato sai ya matsa, a kwana ana ɗinki da fitilar waya, ido na ruwa, wuya ya ƙage, baya na ciwo, don in ba a gama ba ba za a ɗora tukunya ba. Motsin hannun bai sauya ba, soka, jawo, soka, jawo, amma duk abin da ya sa shi zama magani ya tafi. Ba ita ta zaɓi launi ba, ba ita ke da lokacin ba, kuskure kuma ba abin warwarewa cikin natsuwa ba ne, ragin kuɗi ne. Mai sayen hula a kantin birni da ke jin daɗin cewa ɗinkin na rage wa 'yan gudun hijira damuwa, ya dace ya tambayi nawa ya isa hannun wadda ta yi. Thesiger ya fahimci wannan, shi ya sa ya nace a biya mutanensa kuma a bar kowa ya yi aiki gwargwadon ƙarfinsa. Haka ƙungiyar Fine Cell Work da Lady Anne Tree ta kafa a 1997, wadda ke koya wa fursunonin Birtaniya ɗinkin ado, akasarinsu maza: sai da matar ta shafe shekaru tana fafutukar a yarda a riƙa biyan fursuna ladan aikinsa kafin ta fara.

Kuma allura ba likita ba ce. Cikin sojojin wancan yaƙi akwai dubbai da suka tsufa suna karɓar fanshon firgita, wasu a gidan mahaukata suka ƙare. Wanda ya daina cin abinci, ko ya yi makonni ba barci, ko zuciyarsa ta fara raya masa ya kashe kansa, asibiti za a kai shi, ba ƙyalle za a miƙa masa ba. Matsalar ita ce likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, kuma sai a Janairu 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. A irin wannan ƙasa, abin da ke rage nauyin zuciya kafin ya kai ga asibiti, wanda kuma ake samu a kowace kasuwa da kuɗi kaɗan, bai kamata a raina shi ba.

Yawancinmu ba igwa ce ta firgita mu ba. Kuɗin makaranta ne, jinyar mahaifi, jiran sakamakon gwaji, albashin da ke ƙarewa ranar goma ga wata, takabar wata huɗu da kwana goma a ɗaki ɗaya. Abin da hannu ke kaiwa gare shi a irin wannan lokaci waya ce, ita ma maimaita motsi ce, yatsa na ja sama yana ja sama, sai dai kowane ja sabon tashin hankali yake kawowa, kuma bayan awa biyu ba abin da za ka ɗora yatsa a kai ka ce na yau ne. Lokacin kullen korona a 2020 mutane da yawa a duniya sun gano haka suka koma ga zare. Cikinsu har da Tom Daley, ɗan wasan alkafura cikin ruwa na Birtaniya, wanda aka riƙa nunawa a talabijin yana saƙa a cikin 'yan kallo a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, har ya saƙa wa lambar zinariyarsa jaka.

Mai son gwadawa ba ya buƙatar makaranta. A kusan kowace unguwa akwai wata Inna ko wani Baba da ya iya, kuma da wuya su ƙi nuna wa wanda ya zo da ladabi. A fara da ƙaramin abu mai ƙarewa cikin 'yan kwanaki, bakin hankici, ko kan hula, ko rigar matashin kai, ba babbar riga ba. Aikin ya zama yana da ɗan ƙirga, don wanda ya yi sauƙi da yawa yakan bar tunani ya tafi yawonsa, wanda ya yi wuya da yawa kuma shi kansa sai ya zama abin ɓacin rai. A sayi yadi mai araha wanda ba za a ji ciwon ɓata shi ba. A yi da hasken rana in da hali, tsakanin la'asar da magariba ya fi, a riƙa ɗaga kai ana miƙe wuya. Waya kuma a bar ta a ɗaki, har da ɗaukar hoton aikin don a nuna wa mutane.

Da zarar hannu ya faɗa, aikin ya fara kyau, wani zai gani ya ce a yi masa irinsa kafin Sallah, zai biya ko nawa ne. Wanda ya ɗauki allura don neman na cefane ya karɓa, amma ya yi ciniki da kyau, ya kuma faɗi ranar da zai iya gamawa ba ranar da mai kaya ke so ba. Wanda ya ɗauke ta don ya samu barci kuwa, ya ba mutumin haƙuri, ya kwatanta masa gidan masu sana'ar.